Madara Mai Ɗanɗano A Abincin Masu Ciwon Ƙoda

Madara mai ɗanɗano ita ce madarar shanu da aka ƙara wa sukari da ɗanɗanon cakulan, banila, ayaba ko sitiroberi. Ana sayar da ita a kwali da gora, wasu kuma suna haɗa ta a gida da garin cakulan. Ga mai ciwon ƙoda mai daɗewa, shan ta yana buƙatar lissafi, domin ta ƙunshi abubuwan da ƙodar da ta yi rauni ba ta iya tacewa da kyau.

Na farko shi ne fosfaras. Kofi ɗaya na madarar shanu, wato mililita 240, yana ɗauke da kimanin miligiram 230 na wannan sinadari. Majinyacin da fosfaras ya yi yawa a jininsa kuwa, galibi akan shawarce shi da ya tsaya tsakanin miligiram 800 da 1,000 a yini. Idan sinadarin ya taru, yakan janye kalsiyam daga ƙashi, ya haddasa ƙaiƙayin jiki da taurin jijiyoyin jini.

Na biyu shi ne fotasiyam. Kofin madara zalla yana da kimanin miligiram 350, na cakulan kuma yakan haura 400, saboda shi kansa cakulan yana da wannan sinadari. Yawan fotasiyam a jini yana dagula bugun zuciya, har ya iya tsayar da ita, sau da yawa ba tare da wata alama ba.

Na uku shi ne sukari. Madara zalla tana da kimanin giram 12 na sukarinta na asali a kofi guda, mai cakulan kuwa takan kai ninki biyu. Wannan ya shafi majinyata da yawa, tunda ciwon sukari da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda.

Akwai kuma fosfaras da kamfanoni ke ƙarawa domin kada madarar ta tsinke. Jiki yakan tsotse kusan dukkan irin wannan, alhali na asalin madara kimanin rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari yake ɗauka. Ba kasafai ake rubuta adadinsa a kwali ba, don haka sai a duba jerin kayan haɗi. Duk kalmar da ke ɗauke da haruffan "phos", ko lambobi E338 zuwa E341 da E450 zuwa E452, alama ce ta ƙarin fosfaras. Madarar gwangwani ma takan ƙunshe shi, kuma ta ninka madara zalla kauri.

Ba kowane majinyaci ake hana wa madara ba. A matakan farko na ciwon, idan gwajin jini bai nuna matsala ba, likita na iya barin mutum ya sha daidai misali. Idan ciwon ya yi nisa, akan taƙaita ta zuwa rabin kofi a yini, kuma nono da yogot suna cikin wannan lissafi. Masu wankin ƙoda da aka ƙayyade wa ruwan sha su riƙa ƙirga madara a cikinsa.

Madarar shinkafa ko ta almon da ba a ƙara wa fosfaras ba tana iya maye gurbinta. Kafin kowane sauyi, majinyaci ya kai sakamakon gwajin jininsa da kwalin madarar ga likita ko masanin abinci.