Abin da Na Tarar a Adakar Mahaifina

 Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna ranar da malaminmu na tarihi, Allah Ya jiƙansa, ya sa kowa ya rubuta sunayen kakanninsa bakwai a jere. Yawancinmu a na uku muka cije, ni kuwa na ƙara biyu daga kaina don in cika takarda. Shekara arba'in ke nan da 'yan kai, sai ga shi aikin nan ya sake dawo mini.

Bayan rasuwar mahaifinmu, da aka zo rabon gado, aka buɗe wata tsohuwar adaka da ya gada daga nasa mahaifin. A ciki muka tarar da damin rasiɗan haraji, da takardar rantsuwar shekaru, da littafin sallamar soja, da wani ƙunshi na fata wanda kowa ya ɗauka laya ce. Da yake babu kuɗi a ciki, sai aka bar mini, wai ni ne ɗan boko.

Na fara da ƙidayar jama'a, don a zatona can zan ga sunan kowa. Na je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda ake ajiye fayilolin lardunan Arewa. An yi ƙidaya a 1911 da 1921 da 1931, amma a Arewa yawancin lissafin daga littattafan haraji aka ɗauko shi. Ta 1952 ce ta fi su tsari, ita ce ta ba Jihar Arewa mutum miliyan 16 da dubu 800. Ta 1963 ta ce mutanen Nijeriya sun haura miliyan 55, ta 1973 kuwa gwamnatin Murtala ta soke ta a 1975. Duk abin da na karanta a kansu jimla ce, maza kaza, mata kaza, yara kaza.

Wani ma'aikaci ya nuna mini rahotannin da jami'an Turawa ke rubutawa idan sun je gunduma yanka haraji. A cikin na gundumarmu na ga sunan ƙauyenmu, da yawan gidaje da shanu da awaki, da masaƙa da marina. Na ji daɗin ganin ƙauyenmu yana nan tun wancan zamani, amma daga hakimi sai dagaci, babu talaka ko ɗaya da aka ambata da suna.

Sai na koma kan adaka. Rasiɗan sun nuna mini inda kakana ya zauna shekara bayan shekara, kuma na ƙarshe a damin na 1978 ne, domin a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Littafin soja ya tabbatar da labarin da muke ji tun muna yara, cewa ya je yaƙin Bama tare da sojojin Afirka ta Yamma, aka sallame shi a 1946. Shekarunsa dai magatakardan soja ƙiyasi ya yi. Goggo, ƙanwar mahaifina, ita ta warware mini, ta ce an haife shi a shekarar Kakalaba, wato yunwar 1914. Tsofaffinmu da irin waɗannan suke lissafi: zuwan Turawa Kano a 1903, isowar jirgin ƙasa a 1911, saukar jirgin sama a 1925.

Takardar shekarun mahaifina ta ce an haife shi ranar 1 ga Janairu, 1950, alhali Goggo ta ce an raɗa masa suna damina ɗaya bayan dawowar kakanmu daga yaƙi, wato 1947. An rage masa shekara uku don ya samu aiki. Kada kowa ya yi dariya, domin da yawanmu hannu aka ɗora mana bisa kai, in ya taɓa kunne a ce mun isa shiga firamare.

Daga ƙarshe na kai ƙunshin fatar nan wurin wani malami. Da aka farke ɗinkin, sai ga takarda da rubutun Larabci da hatimin alƙali, mai ɗauke da shekarar 1330 ta Hijira, daidai da 1912. Malamin ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce takardar fansa ce. Wani mutum ya biya kuɗi a gaban alƙali ya fanshi wata baiwa daga ubangijinta don ya aure ta. Sunan mutumin shi ne na mahaifin kakana, sunan matar kuma na mahaifiyarsa.

Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901 ɗa ne, amma waɗanda ke cikin bauta kafin nan sai sun fanshi kansu ta hanyar murgu, ko wani ya fanshe su, kotun alƙali ta ba da shaida. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ashe wannan matar ta ɗinke takardarta cikin fata ne don kada wani ya zo wata rana ya ce ita ko ɗanta dukiyarsa ne.

A gidanmu kuwa abin da ake faɗa shi ne 'yar malamai ce daga Barno. Da na kai wa Baffa maganar, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kai yaro, kana da 'ya'ya mata, ka san yadda ake binciken asali kafin aure. Mayar da ita inda ka ɗauko ta." Goggo ta ce, "Yaya, bar shi. Ni na tashi a ɗakinta, na san tsagen fuskarta ba na Barebari ba ne. An kamo ta tana yarinya, ko sunan garinsu ba ta riƙe ba. Da sana'ar kaɗi da daka ta riƙe gidan nan a shekarar yunwa."

Na yi makonni ina juya maganar, domin tsoron Baffa ba na banza ba ne. A ƙarshe na tara 'ya'yana na karanta masu fassarar takardar. Na gaya masu wanda ya kama yarinya ya sayar shi ya kamata ya ji kunya. Da 'yata ta haihu bara, sunan wannan baiwar Allah aka sa wa jaririyar, Baffa da kansa ya yi mata huɗuba.

Ina roƙon 'yan'uwa, duk mai tsohuwa ko tsoho a gida ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a waya tun yana da rai, domin da ba don Goggo ba, da takardun nan ba su gaya mini rabin abin da na sani ba. A ɗauki hoton rasiɗai da takardun gona da na makaranta kafin gara ta riga mu. Ina kuma ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su nemi izinin hukumar makaranta a ɗauki hoton tsohon rajistan shiga, domin a ciki akwai sunan kowannenmu da na mahaifinsa da garinsu, abin da jikokinmu za su nema wata rana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu cika da imani, amin.