Bayan An Gama Haƙa: Yadda Tsirrai Ke Komawa Ƙasar Da Aka Tona Ma'adinai

Duk mazaunin Sabon Ilesha ko na Ile-Ife ya san yawan 'yan uwanmu da ke cin abinci a ramukan zinariya na Itagunmodi da kewayenta. Haka abin yake a Gana, inda ake kiran sana'ar galamse. Ƙorafin masu masaukinmu kuwa guda ne: an sare koko, an tona ƙasa, an tafi an bar rami. Wannan magana ta shafi zaman lafiyarmu da su, shi ya sa daga nan Maiduguri na tattaro muku abin da aka sani game da farfaɗowar irin wannan ƙasa.

Kore daban, daji daban

Bari in fara da gida. Maiduguri ta yi suna da dogon yaro, wanda aka shigo da shi lardin Borno wajen 1928. Ya yi mana rana, domin inuwarsa ce ke raba mu da zafin bazara. Amma ku duba tsofaffin ramukan da aka ɗebi yashi ko ƙasar gini a gefen gari. Abin da ke fara fitowa shi ne tumfafiya da tafasa, sai dogon yaron da tsuntsaye da jemagu suka yar da 'ya'yansa. Daga nesa sai ka ce wuri ya warke. In ka matsa ka ƙirga, iri uku ne ko huɗu, a inda dā akwai aduwa, magarya, dakwara da bagaruwa.

Masana kan auna farfaɗowar wuri da tambayoyi uku: ƙasa ta rufu? Iri nawa ne suka fito? Kuma irin na asalin wurin ne ko baƙi? Tambaya ta farko ce mai sauƙin amsawa, ta ukun ce ke cin shekaru.

Abin da haƙa ke kashewa

Ƙasar sama, wato baƙar nan mai laushi da ba ta cika wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, ita ce rumbun daji. A cikinta ƙwayoyin iri ke kwance, da saiwoyi, da tana, da ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye ya zama taki. Gonar da aka bari ta huta ba ta rasa wannan rumbu ba, haka ma kututturanta. Shi ne sirrin manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suke rainon tohon kututture har suka dawo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5. Mai haƙa kuwa juya ƙasar yake yi, ta sama ta koma ƙarƙashi, tsakuwa da laka su hau sama. Babu iri, babu kututture, babu taki. A kurmin kudu, abin da ke mamaye irin wannan fili shi ne tofa, da ciyawar nan da Yarbawa ke kira Akintola, mutanen Gana ke kira Acampong. In suka kafu, ƙananan itatuwa ba sa samun haske, gobarar rani kuma ta ƙarasa su.

Darasin Jos

A Najeriya, gwajin da ya fi daɗewa yana Filato. Turawa sun fara haƙar kuza a farkon shekarun 1900, kuma kakanninmu da yawa sun yi leburanci a Bukur da Barikin Ladi. Haƙar ta lalata fili fiye da murabba'in kilomita 300, ta bar tuddai da tafkuna. Bayan dokar ma'adinai ta 1946, hukuma ta riƙa baje tuddan tana dasa itacen turare, saboda yana saurin girma kuma yana jure ƙasa marar ƙarfi.

Turaren ya ba da itacen girki da na gini. Sai dai binciken da Michael Alexander na Jami'ar Durham ta Ingila ya wallafa a 1989 ya nuna cewa bayan shekaru masu yawa ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba ta gyaru yadda aka so ba, tsami ma ta ƙara. A ƙarƙashin gawo kuwa ƙasar ta fi samun ƙarfi. Manomin Hausa ba zai yi mamaki ba, ai ya san hatsin gindin gawo. Wani abin lura shi ne 'yan lambun rani na bakin kogin Dilimi da tafkunan kuza. Da tokar shara da takin dabbobi suka mayar da matacciyar ƙasa tana ba da tumatir, kabeji da latas.

Inda aka gwada a wasu ƙasashe

A Trombetas da ke dajin Amazon na ƙasar Burazil, ana haƙar ma'adinin sanholo tun 1979. Tsarin gyaransu shi ne a kwashe ƙasar sama a ajiye gefe, in an gama a cike rami, a farfasa ƙasar da manyan motoci suka danne, a shimfiɗa ta saman, sannan a dasa gaurayen itatuwan wurin iri da dama. Masu bincike sun tarar da wasu irin da ba a dasa ba sun fito da kansu, tsuntsaye da jemagu ne suka kawo su daga tsohon dajin da ke kusa. Filin da ya fi kusa da daji ya fi samun wannan rabo. Itatuwa masu manyan ƙwallaye kuwa ba sa zuwa da sauƙi, sai an dasa da hannu.

A Mombasa ta Kenya, René Haller ya fara gyaran ramin farar ƙasa na kamfanin siminti na Bamburi a 1971. Ya fara da itacen kasuwarina mai jure wahala, sannan ya zuba ƙadandoniya ta riƙa cin busasshen ganyen tana mayar da shi taki. Da ƙasa ta samu, aka shigo da itatuwan asalin yankin. Yau wurin gandu ne da ake zuwa yawon buɗe ido. Kun ga a nan baƙon itace share fage ya yi, ba a bar masa filin ba.

Shekara nawa ake jira?

Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2021, kan wurare 77 a nahiyar Amurka da Afirka ta Yamma, ya nuna cewa a gonar da aka bari, ƙarfin ƙasa kan dawo cikin ƙasa da shekara 10. Yawan ire-iren itatuwa kan ɗauki shekara 25 zuwa 60. Kafin daji ya koma da ainihin itatuwansa na dā kuwa, sai fiye da shekara 120. Wannan fa lissafin gona ne. Ramin haƙa ya fi haka jinkiri.

Abin da ke hannun mai haƙa

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi gyara filin da ya tona. Amma ko ƙaramin mai haƙa da shebur yana da abin yi:

1. A tara ƙasar sama daban, kada a gauraya ta da ta cikin rami, kuma kada ta daɗe a jibge, domin irin cikinta mutuwa yake.
2. A cike rami kafin a buɗe wani, tsakuwa a ƙasa, baƙar ƙasa a sama.
3. A bar manyan itatuwa tsaye, musamman ɓaure da loko, su ne masaukin masu kawo iri.
4. A dasa iri da yawa na wurin, a tambayi mai gona abin da ke nan dā.
5. A tsare filin daga wuta da kiwo a shekarun farko.
6. Kada a shuka abinci inda aka wanke zinariya da zaiba ko aka niƙa dutse, sai an auna ƙasar. Gubar dalma ta Zamfara a 2010 ta kashe yara fiye da 400.

Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan haƙa ita ce, duk lokacin da za a yi yarjejeniya da mai gona, a sa maganar ajiye ƙasar sama da cike rami a rubuce, tun kafin a sa diga. Aikin kwana kaɗan ne, amma shi ke sa mai ƙasa ya sake amsa sallamarmu gobe.