Rashin Ɗaukar Ciki ga Goɗiya

Goɗiyar da aka yi wa barbara sau uku ko fiye, a lokacin da ya dace kuma da ingarma mai lafiya, amma ba ta ɗauki ciki ba, likitocin dabbobi kan sa ta cikin masu buƙatar bincike na musamman. Goɗiya kan nemi namiji kusan duk kwana 21, kuma ƙwanta kan fito kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare, don haka kuskuren lokaci kaɗai na iya hana ciki.

Babban sanadi shi ne kumburin bangon mahaifa, wanda ƙwayoyin cuta ko ruwan da ya taru bayan barbara ke jawowa. Tsufa da rama sukan sa farji ya saki, iska da kashi su shiga.

Likita kan duba mahaifa da na'urar hoton ciki, ya ɗebi ruwanta a gwada, ya kuma auna maniyyin ingarman. Magani ya haɗa da wanke mahaifa da ruwan gishiri, allurar oksitosin don fitar da ruwa, maganin ƙwayoyin cuta, da ɗinkin Caslick da ke rufe saman farji. Akan tabbatar da ciki kwana 14 zuwa 16 bayan fitar ƙwai.