Tsofaffin motocin Damagaram: a hannun wa za a bar amanarsu?

Yau hirar tamu kan tsofaffin motoci ce, da irin ƙungiyar da za ta iya hana su ƙarewa a hannun masu sayen ƙarfe a kilo.

Damagaram ba baƙuwar mota ba ce. A ƙarshen 1924, lokacin nan ne babban birnin Nijar, ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën ya ratso Sahara ya yada zango a garin nan kafin ya wuce Cadi. A 1926 aka mai da mulki Yamai, amma hanyar Kano ba ta mutu ba. Daga baya Peugeot 404 da 504 suka cika tashoshinmu, musamman da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Makanikanmu sun san cikinsu kamar yunwar cikinsu.

To, in za mu haɗa kai don adana ragowarsu, daga ina za a fara? Daga garejin unguwa, ko daga ofis a Yamai?

Tarihin Samariya ya ishe mu darasi. Asalinta ta unguwa ce: kowace da sarkin samarinta, su ke gayya, su ke hidimar biki. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, sai ya ɗaga ta zuwa ƙungiyar ƙasa, da matakai tun daga ƙauye har Yamai. Gaskiya an ga aiki: an gina ajujuwa, an dasa itatuwa, an yi bukukuwan matasa. Amma fa ragamar ta koma hannun gwamnati. Da zamanin jam'iyya ɗaya ya kau bayan taron ƙasa na 1991, Samariya ta bi shi. Matasanmu suka koma fada-fada, kowa da tabarmarsa da butar shayinsa.

A Faransa kuwa daga ƙasa aka faro. Masu sha'awar tsofaffin motoci suna da ƙungiyoyinsu gari-gari, kuma tun 1967 suke da tarayya guda da ke shiga gaban hukuma kan maganar takardu da doka. Mota tana hannun mai ita, tarayya baki ce kawai.

Mu ma haka ya dace. Mutumin Birni ko Zango shi ya san gidan da wata 404 ke kwance cikin ƙura, shi ya san tsohon makanikin da zai tashe ta. Yamai na da nata amfani wajen rajista da kwastan, amma sai an yi tushe ake ɗora rufi. Tsofaffin gwanayen nan kullum raguwa suke, kuma duk wanda ya tafi da iliminsa yake tafiya.

Wanda ya san inda wata tsohuwar mota take a unguwarsu, ya gaya mana. Allah ya jiƙan magabata.