Tarihin Mai Wurno ta Bakin Kogi

 Ga taƙaitaccen labarin wani gari wanda kusan kowane Bahaushe da Bafillacen da ke zaune a Sudan ya san sunansa, watau Mai Wurno, wanda Larabawa ke kira Mayirno. Yana gaɓar yamma ta Baharul Azraƙ, kamar mil 10 kudu da birnin Sinnar, a kan hanyar Sinja.

Asalinsa kuwa daga Sakkwato ne. Ran 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci birnin Shehu. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai yarda ya zauna ƙarƙashin Nasara ba, sai ya ɗauki tuta ya nufi gabas. Tun da daɗewa ana faɗi cikin jama'a, wai ƙarshen al'amarinsu hijira ce zuwa Kogin Nilu, inda za su sadu da Mahadi. Saboda haka duk garin da ya ratsa sai mutane su yi ta barin gonakinsu ana gab da shuka, sarakuna da malamai da talakawa, su bi shi. Turawa suka bi sawu har Burmi, kusa da Kogin Gongola. Ran 27 ga Yuli aka gwabza, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da mutum fiye da 600, Allah ya ji ƙansu. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya tattara waɗanda suka saura ya ci gaba da tafiya.

Suka bi tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, da jakuna da shanu da tsofaffi da goyo, a yi zango a yi noma, in an girbe a tashi. Wajen 1906 suka sauka ƙauyen Shaihu Talha a gaɓar gabas ta kogin, daga baya suka ƙetare suka sari daji suka kafa gari, aka sa masa sunan shugabansu.

A nan ne abin al'ajabi yake. Mahadin Sudan ya rasu tun 1885, daularsa kuwa ta faɗi a yaƙin Karari cikin 1898. Watau mutanen da suka yi tafiyar shekara da shekaru don gudun mulkin Ingilishi, sai suka iske Ingilishin ya riga su isowa bakin Nilu. To, ina za a kuma? Waɗansu suka zarce Sawakin suka haye zuwa Makka, amma mafi yawa suka tsaya. A ganina wannan tsayawa ba gajiyawa ba ce. Mai Wurno ya duba ya ga jama'ar da ke wuyansa abinci take bukata da wurin salla da makaranta, ya kuwa sama musu. Hukuma ma ta ga amfaninsu, gama yaƙe-yaƙe da yunwa sun rage mutanen wannan yanki ƙwarai, sai ta bar shi ya riƙe jama'arsa, ana ce masa Sultan, mabiyansa suka yi ta kafa ƙauyuka a bakin kogi zuwa kudu.

Kogin nan shi ya yi wa garin hali. Daga Tafkin Tana na ƙasar Habasha yake fitowa. Da damina, wajen Agusta, sai ya cika ya tumbatsa, ruwan ya yi jajawur saboda laka, in ya janye ya bar gaɓa mai taushi wadda Larabawa ke kira jarf, mu kuwa fadama muka san ta. Nan ake albasa da kuɓewa da tumatir da masara da rani. Can bayan gari kuma ga baƙar ƙasa mai tsagewa, wadda ba ta son kome sai ruwan sama, ita ke ba da dawa da riɗi. Wanda ya tashi a kwarin Rima ba sai an koya masa wannan noma iri biyu ba, gama Wurno ta asali, ribaɗin Sarkin Musulmi Bello inda kabarinsa yake, ita ma a kan fadama take. Masunta Hausawa suka kama kogi da koma da ƙugiya, Filani suka kama kiwo.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar cikin 1925, aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai bukatar ma'aikata ta ƙaru. Alhazai masu neman guzuri suka riƙa sauka Mai Wurno, su huta, su tafi tsinkar auduga, da yawa kuma niyyar wata shida ta zama zaman har abada. Sultan Mai Wurno ya rasu cikin 1944, ɗansa Muhammadu Tahir ya gaje shi, sarautar ta zauna a gidan.

Amma zaman bai rasa ɗaci ba. Kowa daga yamma ya fito, Fallata ake ce masa ko Takari, sau da yawa da raini a baki. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun ran 31 ga Disamba 1897. Muhajiran Burmi sun makara da shekara 8 ko 9 kurum. Mutumin da aka haifa a Mai Wurno, ya binne ubansa a can, ya noma audugar da ƙasa ke taƙama da ita, sai ya tarar ana tambayarsa shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. Sai daga baya aka sassauta dokar, har ta 1994 ta mai da haddin ran 1 ga Janairu 1956.

Garin ya girma, yara suna Larabci a makaranta da kasuwa, a cikin gida kuwa Fillanci da Hausa ba su mutu ba. Yaƙin da ya ɓarke cikin Afrilu 2023 ya iso jihar Sinnar, a Yuni 2024 Sinja ta faɗi, ba a karɓo ta ba sai Nuwamba. Cikin watannin nan Mai Wurno tana tsakanin rundunoni biyu, jikokin masu hijira da yawa suka sāke ɗaure kaya.