Haƙƙin mai takaba: matan mazan jiya da fanshon da Faransa ta daskarar

A al'adarmu, idan maigida ya riga mu gidan gaskiya, ba a sa ran hukuma ta kawo wa iyalinsa komi. Dangi da maƙwabta ke ɗaukar nauyin zaman makoki, su kawo hatsi da goro da ƴan kuɗin gaisuwa. Matarsa ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, sa'an nan a raba gado, ta samu tumuni idan mamacin ya bar ɗiya, rubu'i idan bai bari ba, kuma ko su huɗu ne, wannan kaso guda za su raba tsakaninsu. Sarauta ma in ta shigo cikin lamarin, karɓa take zuwa yi, domin akwai ushira da ake fitarwa daga dukiyar mamaci sa'ad da alƙali ya raba ta. Maganar cewa matar mamaci na bin gwamnati bashi, bashin da ke rubuce a takarda kuma ake biya lokaci zuwa lokaci har ƙarshen ranta, baƙuwar magana ce. Ta hanyar bariki ta shigo mana, tare da waɗanda suka yi wa Faransa aikin soja, waɗanda muke kira mazan jiya.

An yi rubutu da yawa kan yadda Faransa ta tauye haƙƙin waɗannan dattawa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, dokar da ta rage wa tsohon soja rabonsa, matarsa ba ta bar mata komi ba, kuma matan da aka hana ɗin suna cikin waɗanda suka kai dokar ƙasa a gaban shari'a.

Rundunar da ake kira tirayar na Senegal an kafa ta ne a 1857, zamanin gwamna Faidherbe, amma sunan kawai ke na Senegal: an ɗebi mutane daga ko'ina cikin ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka ta Yamma, har da tamu. A yaƙin duniya na farko, kimanin mutum 200,000 aka kwasa daga Afirka baƙar fata, kuma wajen 30,000 ba su dawo gida ba. Daga 1919 aka mai da ɗibar soja ta zama ta kowace shekara, ta hanyar ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa ya yi shekara 3. Nijar ba ta ba da mutane da yawa kamar Mali ko Burkina ta yau ba, amma ta ba da nata, a yaƙin 1939 zuwa 1945, da na Indoshin, da na Aljeriya. Seyni Kunce kansa, kafin ya shiga rundunar Nijar, ya yi wa Faransa aiki a waɗannan yaƙoƙi biyu na ƙarshe.

A can Faransa kuwa, mutuwar da aka yi a yaƙin farko ce ta tilasta wa gwamnati ta tsara taimakon iyalan mamata. A 1917 aka yi dokar da ta mai da marayun yaƙi ɗiyan ƙasa, gwamnati ta ɗauki nauyin renonsu da karatunsu. Ranar 31 ga Maris 1919 aka yi wata wadda ta amince cewa ƙasa na da diyyar da za ta biya naƙasassun yaƙi da matan waɗanda suka mutu da marayunsu da iyayensu. A lura da kalmar: diyya aka ce, ba sadaka ba. Sojan mulkin mallaka yana cikin tsarin, sai dai kuɗin da aka yanka masa bai kai na Bafaranshe ba. Sai a 1950, bayan matsin lambar ƙungiyoyin mazan jiya da wakilan Afirka a majalisar Paris, aka daidaita su. Daidaiton nan bai wuce shekara 10 ba.

Ya kamata mai karatu ya bambanta kuɗaɗe iri uku, domin rashin bambanta su ya jawo wa gidaje da yawa wahalar banza. Akwai ɗan kuɗin da ake ba duk mai katin tsohon mayaƙi idan ya tsufa, wanda aka soma a 1930. Wannan na mai shi ne kaɗai, ko a Faransa ba ya komawa ga mata. Akwai fanshon naƙasa, na wanda aka raunata ko ya kamu da cuta a bakin aiki. Akwai kuma fanshon ritaya, na wanda ya cika shekara 15 yana soja. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne ke da rabon iyali bayan mutuwa, kuma a na ritaya, rabin abin da mijin ke karɓa shi ne haƙƙin matarsa.

Ranar 26 ga Disamba 1959, wata 7 da ƴan kwanaki kafin ƴancin kan Nijar na 3 ga Agusta 1960, majalisar Faransa ta zartar da dokar kasafin kuɗi mai ɗauke da aya ta 71. Ayar ta ce, daga 1 ga Janairu 1961, fanshon ƴan ƙasashen da suka fita daga hannun Faransa za a musanya shi da wani alawus na shekara-shekara, wanda za a lissafa bisa farashin ranar da aka yi musanyar. Abin da Faransawa suka kira cristallisation ke nan, wato daskarewa: kuɗin ya tsaya cik inda ya same shi, na Bafaranshe na hawa tare da tsadar rayuwa. Senegal da Cadi da Gabon da Afirka ta Tsakiya sun ɗan samu jinkiri, sai daga baya abin ya iso gare su. Jifa-jifa akan yi wani ɗan ƙari da bai taka kara ya karya ba. Hujjar hukumomin Paris ita ce, a dokarsu wanda ya daina zama ɗan ƙasa fanshonsa na tsayawa baki ɗaya, saboda haka alfarma ce ma aka yi. Ga shi kuma rayuwa ta fi arha a Afirka. Hujja ta biyun tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa Bafaranshen da ke zaune a Dakar ke karɓar cikakken kuɗinsa ba, ko dalilin da ya sa ɗan Afirka mazaunin Paris ke karɓar daskararre.

Abin da ya shafi mata yana cikin ƴan kalmomi ne na ayar, inda aka ce alawus ɗin na tsawon lokacin da mai shi ke cin moriyarsa da kansa ne. Ma'aikatun Faransa suka fassara wannan da cewa abin ba fansho ba ne kuma, saboda haka babu gādo a cikinsa. Matar da mijinta ya rasu kafin daskarewar ta ci gaba da karɓar ɗan abin da aka yanka mata. Wadda nata ya rasu bayan haka, ranar da aka kai shi kushewa ranar kuɗin ya yanke. To, wa ya fi yawa? Sojan da ya dawo daga Indoshin a 1954 yana ɗan shekara 30, a 1961 bai kai 40 ba. Kusan dukan matan wannan zuriya ta sojoji sun faɗa cikin kashi na biyu. A ganina nan ne zaluncin ya fi muni, domin tsohon soja yana da lambobinsa a ƙirji, yana da ƙungiya da gidan mazan jiya, ana gayyatarsa fareti, ana jin kokensa ko da ba a share masa hawaye ba. Mai takaba a ƙauyen Tasawa ko na Madawa ba ta ma san akwai wata aya ta 71 ba. Abin da ta sani shi ne an daina kira a baitulmali.

Farkon ƙarar da ta yi tasiri ta fito ne daga tsofaffin sojojin Senegal su 743, ƙarƙashin sunan Ibrahima Gueye. A watan Afrilu na 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Faransa ta nuna bambanci. Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Sai wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, wanda ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara kotunan Faransa. Ya rasu a 1996 shari'a ba ta ƙare ba, matarsa ta ci gaba da ita. Ranar 30 ga Nuwamba 2001, kotun ƙoli ta harkokin mulki, Conseil d'Etat, ta yanke hukunci cewa fansho sakamakon aikin da aka yi ne, kuma bambanta mutum biyu da suka yi aiki ɗaya saboda ƙasarsu kawai ya saɓa wa yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam.

Gwamnati ba ta bi hukuncin yadda yake ba. A ƙarshen Disamba 2002 ta yi wata doka da ta ɗaga kuɗin, amma bisa ma'aunin tsadar rayuwa na kowace ƙasa, ta kuma buɗe wa mata ƙofar gādon fansho daga 1 ga Janairu 2002. Sai dai an sa wa ƙofar sakata: halin iyali da za a duba shi ne na ranar da aka daskarar da fanshon. Ke nan matar da aka aura a 1965 ko 1972, ta yi jinyar tsoho, ta haifa masa ɗiya, ta yi masa takaba, ba ta cikin lissafi, saboda a 1961 ba matarsa ba ce. Wanda ya san yadda aure yake a ƙasarmu ya san cewa yawancin waɗanda ke raye a 2002 irin waɗannan ne.

A 2006 fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya tayar da ƙura. Jaridun Faransa a lokacin sun yi ta maimaita wani lissafi: naƙasasshen yaƙi Bafaranshe na karɓar yuro 690 a wata, ɗan Senegal 230, ɗan Kamaru 104, ɗan Maroko ko Tunisiya 61. Shugaba Shirak ya ba da umurni, daga Janairu 2007 aka daidaita kuɗin katin mayaƙi da fanshon naƙasa. Fanshon ritaya, wanda ya fi tsoka kuma shi ne mafi yawan mata ke jira, an bar shi yadda yake. (Malamanmu da ke nuna wa ɗalibai fim ɗin su ƙara musu wannan bayani, domin da yawa na zaton fim ne ya gama aikin.)

Wata mata ce kuma ta ƙarasa shi. A watan Maris na 2010 aka soma wani sabon tsari a Faransa wanda ya ba mai ƙara damar ƙalubalantar doka a gaban majalisar kare tsarin mulki. Hukuncin farko da majalisar ta yanke a wannan tsari, ranar 28 ga Mayu 2010, na ƙarar Khedidja Labane ne, ƴar Aljeriya matar wani marigayi tsohon soja, ita da ɗanta. Majalisar ta soke dokokin bambancin, ta ba gwamnati wa'adi zuwa 1 ga Janairu 2011. Ranar 13 ga Yuli, jajibirin faretin da sojojin ƙasashen Afirka 13 suka yi a Paris, har da na Nijar, shugaba Sarkozi ya sanar da daidaita fanshon baki ɗaya, aka sa shi cikin aya ta 211 ta kasafin 2011. Shekara 50 cif ke nan bayan daskarewar.

Ko a nan ma ba a biya bashin baya ba. Wani ɓangare na ƙarin ya zo da kansa, amma cikakken gyaran sai wanda ya rubuta ya nema, cikin wa'adin shekara 3 da aka ƙara wa ɗaya daga baya, kuma lissafi na somawa ne daga ranar da takardar neman ta isa. Sa'an nan ga maganar shaida. Aurenmu a zaure ake ɗaura shi, da waliyyai da sadaki da goro, liman ya shafa fatiha, jama'a su shaida. Ma'aikacin da ke La Rochelle, inda ofishin fanshon sojojin Faransa yake, takardar aure yake so, da ta mutuwar miji, da ta haihuwar matar, da shaidar cewa ba saki tsakaninsu. Wadda ba ta da su sai ta nemi hukuncin alƙali da zai tsaya a madadinsu, da shaidu waɗanda suka halarci ɗaurin auren da aka yi shekara 40 ko 50 da suka wuce. Sunan mijin ma wani lokaci ya bambanta tsakanin takarda da takarda, saboda yadda magatakardan bariki ya ji shi ya rubuta ranar ɗauka: an ba shi sunan garinsu, ko an juya nasa da na mahaifinsa. Idan matan biyu ne ko uku, rabin nan guda za a kasa musu, kowace da nata tarin takardu.

Tarihin aikin kowane ɗayan sojojin nan, ranar da aka ɗauke shi da inda ya yi yaƙi da ranar sallamarsa, yana ajiye a ma'adanar takardun sojoji da ke garin Pau, a kudu maso yammacin Faransa, kuma iyali na iya rubutawa su nemi kwafi. Abin da ke sauƙaƙa binciken shi ne lambar soja da shekarar ɗauka da wurin da aka ɗauke shi. Dukansu suna rubuce a ɗan littafin soja da aka ba kowa ranar sallama, wanda a gidaje da yawa na Damagaram da Maraɗi da Tawa yana nan cikin adakar tsohuwa, a naɗe da tsumma tare da lambobin yabo.