Rajistar Sistoci: Ina Takardun Asibitocin Mishan Na Gusau Da Malumfashi Suka Shiga?

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya san tambayoyin da akan fara da su: shekarunsa nawa, akwai mai irin wannan ciwo a dangi, haihuwa nawa mahaifiyarsa ta yi, nawa suka rayu? A Sheme da ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, dattawa kan amsa ne da kwatance. Wani ya ce an haife shi bayan yunwar 'Yar Gusau, wata ta ce ta yi haihuwar fari shekarar canjin hannu, wato 1972, ko shekarar da naira ta fito, 1973. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa da ake aiki da ita yau ta 1992 ce. Kafin nan, ɗakin haihuwa na mishan yana cikin wurare ƙalilan da aka rubuta ranar haihuwar ɗan talaka da tawada.

Sheme tana kan mararraba. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa ta, ga kuma wadda ta nufi Ƙanƙara, inda ake karkatawa zuwa Malumfashi. A waɗannan garuruwa biyu, Gusau da Malumfashi, sistocin Katolika suka yi aikin jinya mafi kusa da mutanen wannan yanki. A 1953 Fadar Paparoma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina ta damƙa su ga limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop na farko da yankin ya zama dayosis a 1964. A 1956 sistocin wannan ɗariƙa daga garin Great Bend na jihar Kansas suka sauka Gusau. Daga nan aikinsu ya kai Yelwa ta ƙasar Yawuri, ya kuma iso Malumfashi.

Da a ce shekara ashirin da ɗoriya kafin nan suka zo, da ba su karɓi haihuwa ba, domin dokar cocinsu ta daɗe tana hana sistoci aikin ungozoma da tiyata. Sai a 1936 Rum ta sassauta, har ta ƙarfafa musu gwiwar koyon aikin. Shekara guda bayan haka Mary Martin ta kafa ƙungiyar sistoci masu aikin asibiti a kudu maso gabashin Nijeriya, inda asibitin Anua ya zama cibiyarsu ta farko. A ƙasar Hausa wannan sassauci ya yi tasiri na musamman. Magidancin da ba zai yarda namiji ya duba iyalinsa ba, yakan yarda da mace mai lulluɓi, ko da addininsu ya bambanta.

Rajistar ɗakin haihuwa babban littafi ne mai layuka: kwanan wata, sunan mai jego, sunan mijinta, garinsu, ciki na nawa, nauyin jariri, sannan layin ƙarshe, ko an tashi lafiya ko an yi rashi. Ga masanin tarihi, lissafi ne. Ga iyali kuwa, layi ɗaya kan warware abin da aka shekara hamsin ana kokwanto a kai. Matar da 'ya'yanta ke fama da sikila za ta so ta san ko ƙannen mijinta da suka rasu suna ƙanana sun sha ƙarin jini. Mai juna biyun da jininta ya hau, likitarta za ta so ta ji ko mahaifiyarta ta taɓa yin jijjiga wajen haihuwa, domin wannan larura takan bi dangi. Sai dai mai nema ya lura da abu biyu. Ba za a sami jariri da sunansa ba, tunda sai rana ta bakwai ake raɗa suna, alhali tuni an sallami mai jego. Da sunan uwa ake nema. Na biyu, sunan da uwar ta faɗa yana iya zama laƙabi, ga alkunyar da ke hana mace ambaton sunan miji, ga kuma kunnen Ba'amurkiya da ya rubuta abin da ya ji. Hauwa'u tana iya komawa wani abu dabam a takarda.

To, me ya warwatsa waɗannan littattafai? Rikicin 1966 ya taɓa Gusau da Funtuwa, ya kori da yawa daga ma'aikatan mishan 'yan kudu. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan masu yawa. Iyakoki ma ba su zauna wuri ɗaya ba: Malumfashi ta bi Jihar Arewa ta Tsakiya, ta bi Kaduna, ta dawo Katsina a 1987, Gusau ta fita daga Sakkwato ta zama hedkwatar Zamfara a 1996. Kowane sauyi yana nufin ɗaukar akwatuna daga wannan ofis zuwa wancan, abin da ya saura kuma gara da yoyon rufi ba sa jiran izini. Ita kanta ƙungiyar Great Bend ta haɗe da wasu shida a 2009, cibiyarsu ta koma Columbus a jihar Ohio, yayin da sistoci 'yan ƙasa da suka horar suka ci gaba da aikin daga Gusau. A 2023 kuma aka yanke dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato. Saboda haka tarihin asibiti guda yana iya rabuwa gida huɗu: rajista a asibitin, wasiƙu a ofishin bishop, rahoton shekara a fayilolin Lardin Katsina da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, labarin yau da kullum na gidan sistoci kuma a ƙetare.

Batun gidajen renon yara ya ɗan bambanta. A ƙasar Hausa maraya na dangi ne; kaka ko goggo ko inna ke ɗaukar riƙo, shi ya sa gidan marayu bai yi jijiya a karkara ba. Inda aka fi raba yaro da uwarsa shi ne sansanonin kutare, irin su Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato, inda akan ware jarirai don gudun kamuwa. Waɗannan ba na Katolika ba ne. Mishan ɗin SIM ce ta karɓe su a ƙarshen shekarun 1930, cocin ECWA kuma ita ce magajiyarta. A bakin mutanenmu duka "asibitin mishan" ne, amma wanda ya je neman takardar Babbar Ruga wurin Fada ya ɓata kuɗin mota.

Abin da ya faru a Ayaland, maƙwabciyar Ingila, ya nuna nauyin irin waɗannan takardu. A garin Tuam sistocin Bon Secours sun riƙe gidan da ake kai matan da suka haihu ba aure, daga 1925 zuwa 1961. Wata mai binciken tarihin garin, Catherine Corless, ta bi takardun shaidar mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ta tara sunayen yara 796 da suka mutu a gidan, ba tare da rajistar inda aka binne kusan dukkansu ba. A 2017 aka tabbatar da ƙasusuwan yara a wasu ramuka ƙarƙashin filin. Rahoton hukumar bincike na 2021 ya ƙirga kimanin yara dubu tara da suka mutu a gidaje goma sha takwas, sannan a 2022 aka yi dokar da ta ba waɗanda suka tashi a can haƙƙin ganin takardun haihuwarsu. Ban kawo wannan don in shafa wa sistocin Gusau da Malumfashi baƙin fenti ba. Aikinsu dabam ne, mata da ƙafarsu suke zuwa, da 'ya'yansu suke komawa gida. Amma littafin da ya tona asirin sakaci a Tuam, irinsa ne zai nuna yawan rayukan da aka ceto a nan, kuma a ganina masu sunayen da ke ciki suna da haƙƙi a kansa ko a hannun wa yake.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti adana bayanan marasa lafiya da kuma rufa musu asiri. Don haka kada mai nema ya ji haushi idan aka ƙi buɗe masa littafin kakarsa kai tsaye. Ya tafi da shaidar dangantaka, da sunan uwa da laƙabinta, sunan mijinta, sunan ƙauyen kamar yadda ake kiransa a lokacin, da shekarar da yake zato, ko da ta kwatance ce. Ya fara da asibitin kansa, sannan ofishin majami'ar garin.

Akwai kuma takardar da ba ta buƙatar izinin kowa. A ƙarshen shekarun 1950 likitan yara David Morley, yana aiki da mishan ɗin Methodist a Imesi-Ile kusa da Ilesha, ya ƙirƙiro katin awon yara da ake bar wa uwa ta tafi da shi gida, aka kuma ga iyaye mata suna adana shi da kyau. Katin rigakafin da ke cikin kwalla ko ƙasan adakar mahaifiyarku jikan wancan ne. A shekarun nan da rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ya kuma rufe ƙananan asibitoci, mutane kan gudu da abin da hannu ya iya ɗauka, kati ba ya ciki. Wanda nasa ke nan ya ɗauki hotonsa da waya, gaba da baya, ya tura wa ɗan'uwa a Funtuwa ko Katsina, ya kuma zauna da tsohuwar gidan ta faɗa masa haihuwa nawa ta yi, a ina, da abin da ya ɗauke waɗanda ba su rayu ba, ya rubuta.